Farin tabon zafi a kan tebur: ajiye samfefar nan tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da teburin katako mai sheƙi, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Shekaranjiya na sauke tukunya daga wuta, na ninka tawul a kan teburin na ɗora ta a kai. Da na ɗauke sai na tarar da wani farin tabo kamar hazo, daidai faɗin gindin tukunyar. Na wanke da ruwa da sabulu, ko gezau. Wani ya ce in sa samfefa, wata kuma ta ce in bi ta kai da dutsen guga. Wanne zan ɗauka? Akwai kuma wani tsohon baƙin zobe a gefe guda, inda aka daɗe ana ajiye gwangwanin fure.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tun kafin mu yi nisa, don Allah ki mayar wa mai samfefa kayarsa. Na shekara da shekaru ina gyaran fuskar kayan katako, kuma yawancin teburan da ake kawo mini a lalace ba tukunya ce ta lalata su ba, gyaran da aka yi bayan tukunyar ne. Garin neman gira ake rasa ido. Wadda ta ce miki dutsen guga ta fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma akwai yadda ake yi, in an kuskure ya fi tabon muni.

Tabonki biyu ne, kuma ba cuta ɗaya ba ce. Launin kowanne shi ke faɗa miki zurfinsa. Farin yana cikin rufin da aka shafa wa katakon ne, wato banish ko laka (wani fentin feshi garai-garai, ba taɓo ba) ko shalak (wanda ake yi da danƙon wani ƙwaro), bai taɓa katakon ba. Baƙin kuwa ya ratsa rufin ya shiga jikin icen. Shi ya sa farin yakan fita a yini ɗaya da kayan da ke cikin gida, baƙin kuma aikin kafinta ne.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ya faru, domin in kin gane shi ba mai sake ruɗa ki da shawara. Wannan sheƙin da kike gani a kan tebur wani siririn ɓawo ne garai-garai, haske yana ratsa shi ya dira kan katako ya dawo, shi ya sa kike ganin zanen icen tas. Da zafi ya sauka a kansa sai ya yi laushi, ya saki jiki. In akwai danshi a wurin, sai ya kutsa ciki. Da aka ɗauke tukunya wurin ya huce, ɓawon ya sake ƙanƙamewa, danshin ya maƙale, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya iya rarrabewa. Haske in ya zo nan sai ya tarwatse maimakon ya wuce, idonki kuma ya ga fari. Kamar ƙanƙara ce: dunƙulalliya kina hango abin da ke bayanta, amma ki daka ta, sai ta koma fara fat, alhali ba a ƙara mata komai ba. Don haka babu wani datti a wurin da sabulu zai wanke. Ruwan da kika sa ma ƙara wa Borno dawaki ne.

Tawul ɗin nan kuma, ki yi haƙuri, shi ne babban mai laifi. Mutane na ganin in sun shimfiɗa ƙyalle sun kare tebur. Ƙyalle yana riƙe da laima ko da a hannu kin ji shi a bushe, balle tawul ɗin kicin da ake ta goge hannu da shi. Zafin tukunya ya mayar da laimar tururi, nauyin tukunya ya danne ta, ba ta da hanyar fita sai ƙasa. Kuma ba sai zafi ya kai na wuta ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shalak kuwa wajen digiri 75 yake narkewa, ya fara laushi tun kafin nan. Kakin zuma da ake goge wasu tebura da shi bai wuce digiri 62 zuwa 64 ba ya narke. Kofin ruwan zafi ma ya isa.

Tunda shekaranjiya ne abin ya faru, akwai sa'a. Sabon tabo wani lokaci da kansa yake dishewa cikin kwana biyu zuwa mako guda in ɗakin a bushe yake kuma ba a rufe wurin da leda ko ƙyalle ba. In kina da haƙurin jira, ki jira. In babu, ga yadda nake yi, daga mai sauƙi zuwa mai haɗari, kuma duk inda tabon ya ɓace a nan ake tsayawa.

Da farko ki tabbatar katako ne a saman ba roba ba. Teburan zamani da yawa allon garin katako ne aka liƙa masa fomeka ko wata takarda mai hoton ice. Ki duba gefen teburin da ƙarƙashinsa. In zanen saman ya gangaro gefe ya ci gaba yadda ya kamata, ƙarƙashin ma irinsa ne, to falanki ne sukutum. In kin ga layin haɗi a baki, ko ƙarƙashin wani abu ne daban, to falle ne aka manna. Fallen na iya zama na ice na gaske, sai dai siriri ne ƙwarai, galibi bai kai milimita ɗaya ba, da yawa wajen 0.6 ne. In kuma roba ce zafi ya kumbura ta ko ya ƙona ta, duk abin da zan faɗa ba zai yi aiki ba, sai sauya fallen.

Sai ki san wane irin rufi ne. Ki nemi wurin da ido ba ya kaiwa, kamar cikin ƙafar tebur ko ƙasan baki, ki ɗiga sifirit a auduga ki ɗan dangwala. In cikin 'yan daƙiƙoƙi wurin ya yi danƙo, shalak ne, wanda ake samu daga wani ƙwaro da ke tara shi a rassan bishiya a Indiya da Tailan, kuma shi ne a kan tsofaffin kaya da yawa. In bai motsa ba, ki gwada tina, wato ruwan da ake tsinka laka da shi, a wani wurin. In ta narkar da shi, laka ce irin ta feshi, wadda masana'antu suka rungume ta tun shekarun 1920 saboda saurin bushewarta. In duk biyun ba su yi masa komai ba, banish ne ko foliyuretan, wato banish na zamani mai tauri. Shalak da laka su suka fi saurin yin fari, amma su suka fi sauƙin warkewa. Foliyuretan da wuya ya yi tabo, in ya yi kuwa yana da taurin kai. Ki kiyaye, kada sifirit ko tina ko man cire janfarce su ɗiga a saman teburin garin gwaji.

Yanzu magani. Abin da ya shigar da danshin shi zai fitar da shi, wato zafi, amma busasshe kuma ɗan kaɗan. Na fi son a fara da na'urar busar da gashi, domin da ita idonki yana kan tabon koyaushe. Ki goge wurin da busasshen ƙyalle, ki kunna ta a matsakaicin zafi, ki riƙe ta kamar tazarar taƙi ɗaya daga teburin, kina kaiwa da komowa ba tsayawa. Lokaci-lokaci ki taɓa wurin da bayan hannu. Ɗumi ake so. In har ba ki iya barin hannunki a kai, ya yi yawa, ki ja baya. Abin da za ki gani yana da daɗin kallo: gefen hazon ne ke fara cinyewa, tabon yana tsukewa zuwa tsakiya, launin icen yana dawowa kamar an share gilashin da ya yi raɓa. Yakan ɗauki minti goma, yakan kai ashirin.

In wannan bai wadatar ba, sai dutsen guga. Ki zubar da ruwan cikinsa kaf, ki kashe maɓallin tururi. Na san akwai masu cewa a sa tururi, kuma na ga inda ya yi aiki, amma na ga inda ya ninka faɗin tabo, don haka ni ba na ba mai tebur ɗaya wannan shawarar. Ki sa shi a ɗigo ɗaya, mafi ƙarancin zafi. Ko wannan ɗin yana iya kaiwa digiri 110, ɗigo uku kuwa har 200, kin ga ke nan ko mafi sanyinsa ya fi ƙarfin shalak. Abin da ke tsare teburin shi ne ƙyalle da gajeren lokaci. Ki sami farin ƙyallen auduga, busasshe, mai santsi, marar rubutu ko ado ko ɗinki a tsakiya, tsohuwar farar singileti ta yi daidai. Ki ninka biyu ki shimfiɗa. Ki bi ta kai kina zagayawa daƙiƙa biyar zuwa goma, ba dannawa, ki ɗaga ƙyallen ki duba. Ki bar wurin ya sha iska ya ɗan huce, ki sake. Ɗagawar nan ita ce rabin aikin, domin a lokacin ne danshin ke samun hanyar fita.

Ina ɗan koyo na taɓa yin ɓarnar da har yau nake tunawa. An kawo wani tebur mai irin tabonki, maigidana ya fita, na ce bari in nuna na iya. Na sa tawul mai gashi-gashi, na ɗora dutsen guga, aka kira ni a waje na amsa. Ban fi rabin minti ba. Da na ɗaga, farin tabon ya tafi kam, amma saƙar tawul ɗin ta zauna daram a cikin lakar, layi-layi, har da zare biyu a manne kamar ƙuda a cikin danƙo. Can gefe kuma fallen icen ya taso ya yi ƙululu, domin gam ɗin da ke ƙarƙashinsa shi ma zafi yana sake shi. Aikin rabin awa ya koma na kwana huɗu, kuma ni na yi shi. Saboda haka in teburinki mai falle ne, ki rage lokacin, in kuma kin ji ƙyallen yana ɗan kamawa ko kin ji warin fenti ya tashi, ki tsaya nan take.

Mai yiwuwa kin ji ana maganar basilin ko mayonis. Ba ƙarya ba ne, amma ba sihiri ba ne kuma. Maiƙon ne yake tsiyaya a hankali cikin waɗancan ƙananan ramuka ya cike su, haske ya sake samun hanya, farin ya ɓace. Ki shafa basilin da ɗan kauri a kan tabon, ki bar shi ya kwana, da safe ki goge tas. Ni basilin na fi so, don ba ya tsami ba ya wari ba ya kiran tururuwa. Yana aiki a kan tabo marar zurfi, kuma yakan share ɗan hazon da ya rage bayan guga. Inda ba na yarda a sa shi shi ne rufin da ya tsattsage, domin man zai bi tsagar ya shiga katako ya bar duhun da ba ya fita. Kuma a bi tsari: zafi tukuna, mai daga baya. In kin riga kin shafa mai, ki goge shi sarai kafin ki kawo dutsen guga.

Wani tabon a fatar rufin yake can sama, zafi bai ɗauke shi ba, mai bai ɓoye shi ba. Wannan sai a kankare ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba. A gida ana haɗa farin man goge baki, ba mai kama da jeli ba, da ɗan bekin soda, a sa a laushin ƙyalle a murza a hankali ana bin tsawon zanen icen, kada a gicciye shi. Mu a wurin aiki soson ƙarfe mai lamba 0000 muke sawa da ɗan kaki ko mai don ya yi sulɓi. Ki lura da kyau, ba soson wanke tukunya nake nufi ba, wannan laushinsa kamar auduga yake, na kicin kuwa zai yi wa teburin zane har abada. Illar wannan hanya ita ce tana sauya sheƙin wurin. A tebur mai ƙyalli sai wurin ya dushe, a marar ƙyalli kuma ya yi ƙyalli shi kaɗai kamar goshi. Maganinsa a bi saman teburin gaba ɗaya da hannu ɗaya, sannan a sa kaki a goge. Ki riƙa duban ƙyallen: in kin ga launin tebur ya fara fitowa a jikinsa, kin ci rufin kin isa rini, ki dakata.

Akwai mataki na gaba wanda na fi so ki bar wa mai sana'a. A kan shalak, mukan ɗan jiƙa ƙyalle da sifirit, a matse har ya zama kamar ba a jiƙa ba, a shafi wurin sau ɗaya da sauri kamar tsuntsu ya sauka ya tashi. Sifirit ɗin ya ɗan narkar da fuskar, ramukan su haɗe, danshin ya fice. A kan laka kuma akwai wani feshi na gwangwani da ake yi musamman don cire hazo, mai ɗauke da tina mai jinkirin bushewa. Duka biyun suna aiki cikin ƙiftawar ido, suna ɓarna ma cikin ƙiftawar ido. In kuma kika ga wani a bidiyo yana zuba sifirit a kan tebur yana ƙyasta ashana, ki wuce abinki. Harshen wutar sifirit da rana da ƙyar ake ganinsa, mutum sai ya ji a hannun riga.

To, baƙin zoben. Wannan ba zafi ba ne, ruwa ne da ƙarfe. Ruwan ban fure ya daɗe yana taruwa a gindin gwangwani har ya ci rufin ya isa katako. Itatuwa da yawa, irin su oak da mahogani, suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda ake jimar fata da shi. In tanin ya haɗu da ƙarfe a cikin ruwa sai ya yi baƙi, irin haɗin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tawadar rubutu da shi. Wato tawada ce ta haɗu da kanta a cikin teburinki. Dutsen guga ba ya fitar da ita, basilin ma haka. Bilicin wanki ma ba nasa ba ne, sai dai ya kwashe rinin katakon ya bar zoben yana kallonki.

Abin da ke cin sa shi ne asid ɗin okzalik, farin gari kamar gishiri da ake narkawa a ruwan ɗumi. Amma sai an cire rufin saman teburin tukuna, a shafa shi ko'ina ba kan zoben kaɗai ba, in ba haka ba wurin ya fi sauran haske. A bar shi ya bushe, in zoben bai gama fita ba a maimaita, sannan a ɗauraye da ruwa sau da yawa, a bar katakon ya bushe sosai. Guba ne, ana sa safar hannu da tabarau, kuma wajen goge katakon daga baya dole a rufe hanci, domin ƙurarsa tana shaƙe mutum. A nan ne samfefa take da hurumi: lamba 180 sannan 220, ana bin zanen ice, a kan falle kuwa da hannu kawai, ba inji. Bayan nan a daidaita launi a sake rufi. In kuma baƙin na ƙuna ne, kamar na sigari ko gindin ƙarfen da ya yi ja, ki kankara da farce ki gani: in yana fitar da gari kamar gawayi, icen ne ya ƙone, ba asid ɗin da zai mayar da shi. Sai a kankare, a cike ramin da kaki mai launi ko sandar shalak, a zana masa layukan ice da siririn buroshi.

Ra'ayina game da zoben naki, in bai dame ki ba ki ƙyale shi. Tuɓe saman tebur gaba ɗaya saboda zobe ɗaya a gefe babban aiki ne, kuma in teburin tsoho ne mai daraja, rufinsa na asali yana cikin darajar. In kuwa kin yanke shawarar a sake, tunda tebur ne da ake ɗora abu mai zafi, ki ce a sa foliyuretan mai mai. Ki faɗa wa mai aikin ko kin saba fesa wa teburin folish na gwangwani, domin da yawansu suna da silikon, shi kuma yana sa sabon rufi ya riƙa janyewa yana yin ramuka kamar idon kifi. Kada kuma ki ruɗu da bushewar kwana ɗaya. Irin wannan rufin yakan kai wata guda kafin ya gama ƙarfi, a cikin wannan lokacin ko faranti mai ɗumi yana iya yi masa shaida.

Wurin da kika gyara da guga ma haka, ki ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ki ɗora masa komai, sannan ki shafa ɗan kaki ki goge. Wani lokaci hazon yakan ɗan dawo washegari, ba wani abu ba ne, danshin ne bai gama fita ba, ki sake bi da na'urar busar da gashi. Don gaba kuma, ki sami abin ɗora tukunya mai 'yan ƙafafu, na katako ko na ƙarfe mai roba a ƙafa, wanda iska ke wucewa ta ƙarƙashinsa. In babu, ɗan falanki mai kauri kamar yatsa biyu ya fi tawul goma.

In kin gwada zafin sau uku ko huɗu, kin kwana da basilin, farin yana nan yadda yake, ki shafa wurin da yatsa ido a rufe. In kin ji santsinsa ɗaya da sauran teburin, kuma rufin laka ne, feshin cire hazo zai iya, ki kira mai aikin fenti ya zo da shi. In kin ji kaushi ko ƙananan ƙuraje, rufin ne ya dahu ya rabu da katakon, sai a sake saman, kuma a lokacin ne za a haɗa da baƙin zoben a yi aiki ɗaya.